Kyaftin Ba Ya Fara Sauka

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Kawu Sule a unguwar Longsight ta Manchester ya san ba a shiga sai an busa usur. Ka danna ƙararrawa, ka yi sallama, sai ka ji takunsa yana jan ƙafa. Ƙofa ta buɗe, ga shi tsaye cikin jallabiya da hular sanyi, usur rataye a wuya. Ya busa, fiiit, ya ƙame, sannan ya amsa maka sallamar. Wai haka ake tarbar baƙo a jirgin yaƙi, gidan nan kuwa jirgi ne, shi ne kyaftin. Limaminmu ma bai tsira ba. Ranar da ya fara zuwa, har ya ja da baya ya ce, "Alhaji, lafiya? Gobara ce?" Kawu ya ce, "Girmamawa ce, Malam. Ka gode wa Allah ba ni da igwa, da ita zan harba maka."

Abin dariyar shi ne, mutumin nan haifaffen Gumel ne, kuma ruwa mafi girma da ya sani yana yaro shi ne kududdufin bayan gari. Gaskiya ne ya yi aikin sojan ruwa a Legas yana saurayi, kafin ya zo Ingila ya ƙare rayuwar aikinsa a gyaran injinan ɗumama asibiti. Amma matarsa, marigayiya Hajiya Ladi, in sun zo ganin gida takan ce mana, "Kar ya ruɗe ku, a sito ya yi aikinsa yana raba barguna. Ruwan da ya taɓa jikinsa na alwala ne." Shi kuma ya harare ta ya ce, "Siton a bakin teku yake!"

Tarihin jiragen yaƙi kam yana kansa tsaf, tun daga na katako masu tafiya da iska har zuwa na yanzu masu ɗaukar jiragen sama a bayansu. Falonsa cike yake da littattafai da ƙananan jirage da ya harhaɗa da hannunsa. Ka tambaye shi ƙarfe nawa, kafin ka ankara kana tsakiyar yaƙin teku, jirage uku sun nutse, shayinka ya huce.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Na zo Manchester da takardar likita daga gida, wadda ba ta aiki a nan sai ka ci jarrabawarsu. Ya ba ni ƙaramin ɗakin sama, ya raɗa mini suna Kurtu. Lokacin Hajiya ta riga ta rasu, gwiwoyinsa sun fara gardama, zuciyarsa ma ba ta da ƙwari. 'Yarsa ɗaya tilo, Yaya Bilkisu, akanta ce a Birmingham, kuma ba ta da buri sai ya koma wajenta a unguwar Perry Barr. Ni ma ina cikin masu lallashinsa, duk da na san gidan haya ne da sunansa, ranar da ya tafi mai gida zai karɓi mukullinsa, ni kuma ban san inda zan kwantar da haƙarƙarina ba. Amsarsa dai ɗaya ce kullum: "Kyaftin ba ya fara sauka."

Washegarin zuwana na shiga wanka, na saki ruwan zafi ina jin daɗina, sai ga usur a bakin ƙofa.

"Kurtu! Kashe shower ɗin nan!"

"Kawu, ban gama ba."

"Jiƙa jiki, kashe. Goga sabulu. Kunna, ɗauraye, kashe. A jirgi ruwan daɗi ya fi harsashi daraja."

"Haba Kawu, Manchester ce fa, kullum ruwan sama ake yi."

"To fita waje ka yi wankan mana."

Sai kuma maganar lemon tsami. Kowace safiya sai ya matse shi a kofi, ba sukari, ya tsaya a kanka har ka shanye. Wai ma'aikatan jiragen da, in suka daɗe a teku ba ɗanyen abinci, dasashinsu ruɓewa yake yi haƙora su zube, sai da aka gano lemo sannan aka huta. Na ce, "Kawu, ni likita ne, kuma ga kasuwar Longsight nan cike da kayan lambu." Ya ce, "Likitan da bai ci exam ba kurtu ne. Shanye." Mai wannan wa'azi fa haƙoran roba ne a bakinsa, sama da ƙasa! Da na nuna masa haka, ko a jikinsa. Ya ce, "Ai shi ya sa nake gaya maka. Ni na makara ne."

Yaya Bilkisu ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta kira a waya, ni ina jin su.

"Baba, likitanka ya ce zuciyar nan sai da kula. Na gyara maka ɗaki a ƙasa, ba hawa bene."

"Birmingham? Garin da ba teku?"

"Baba, Manchester ma ai ba teku."

"Manchester an haƙa mata hanya har bakin teku, manyan jirage sun shigo. Ku me kuke da shi?"

Ta ce su ma suna da ruwa da jirage, ya zo ya gani da idonsa. Haka muka ɗauke shi wata Asabar, ta kai mu tsakiyar gari inda tsofaffin hanyoyin ruwan nan suke, da 'yan siraran jiragensu masu fenti da tukwanen fure a kan rufi. Kawu ya dogara sanda, ya duba gabas, ya duba yamma.

"Ina igwar?"

"Baba, na shaƙatawa ne."

"Bilkisu, tun daga Manchester kika taso ni in zo in ga lambatu?"

Da ƙyar ta shawo kansa ya shiga ɗaya. Jama'a, jirgin nan tafiyarsa ko mai turin keken jarirai a gefe ya wuce mu, ruwan kuwa a kwance yake luf. Ba mu yi nisa ba na ga fuskar Kyaftin ta canza. Ya damƙe hannuna ya ce ƙasa-ƙasa, "Kurtu, riƙe ni." Kafin in ce wani abu, lemon tsamin safe ya koma lambatun Birmingham. Ya goge baki ya gyara hula ya ce, "Manyan kwamandojin Turawa ma sun yi amai, yana cikin littafi. In ka faɗa wa 'yan masallaci, a waje za ka kwana." Kawu, ka yi haƙuri, yau dai sun ji.

Jarrabawar farko na faɗi. Baƙin ciki ya ishe ni, na haɗa jakata na sauko na ce masa gida zan koma. Bai tashi daga kujera ba. Ya nuna wani ƙaramin jirgin katako a kan teburi ya ce, "Ka ga wannan dogon itacen da ke riƙe da ƙyallen? In igwar abokan gaba ta karya shi a tsakiyar teku, kana tsammanin gida suke komawa? Ta ina? Sai su nemo ko wane guntun itace su kafa, su ɗaura ko bargo ne, a ci gaba da jan jiki. Mayar da jakar nan sama." Na mayar. Da na sauko, kofin lemo na jira na.

Sanyin shekarar nan ya wahalar da shi. Bene ya gagare shi, ya koma kwana a falo tsakanin jiragensa. Yaya Bilkisu ta yi kuka a waya, ta ce taurin kai zai kashe shi, ni ma a raina abin da na ɗauka ke nan. Na ce ko dai tunanin Hajiya ne ya hana shi barin gidan.

A karo na biyu Allah ya taimake ni na ci, na samu aiki, na kama ɗan flat a unguwar Moss Side. Ranar da na shigo na nuna masa mukulli, ya busa usur har maƙwabciyarmu ta buga bango. Daga nan ya ce in miƙo masa waya.

"Bilkisu, ɗakin nan na ƙasa yana nan? To zo ki ɗauke ni. Zan yi haƙuri da lambatun naku."

Na saki baki. Na ce, "Kawu, yanzu kuma? Bayan duk wahalar da ka sha?"

Ya ce, "Kai, Kurtu, duk karatun nan ba ka da kai? In na sauka, kai ina za ka? Cikin teku? Mutum ɗaya ya rage mini a jirgin nan, kuma yau ya samu tudu."

Na durƙusa a gabansa hawaye na zuba, shi kuwa ya ce in tashi, soja ba ya jiƙa wa kyaftin kafet.

Ranar tashi ya ƙi fita sai da kowa ya fita. Yaya Bilkisu tana mota, ni ina kan titi da jakata, shi yana bakin ƙofa da sanda. Ya ɗaga murya ya ce, "Kowa ya sauka?" Na ƙame na ce, "Kowa ya sauka, Kyaftin." Ya busa usur, ya ja ƙofa ya kulle, ya miƙo mini hannu na sauko da shi.

Bai cika shekara a Perry Barr ba Allah ya karɓi abinsa, bayan ya gama koya wa jikokinsa wankan soja da shan lemon tsami. Usur ɗin yana wajena, Yaya Bilkisu ta ce ni ya bar wa.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa kurakuransa, ya haɗa shi da Hajiya Ladi a Aljanna. Ya Allah, bawan nan naka ya jure ciwo da sanyi don kar ya bar ni cikin ruwa. Kai ma kar ka bar shi. Ka sauke shi lafiya. Amin.