Rotar da Ke Cikin Jinkar Akurki

Da hantsin wata Laraba a damunar 1989 aka shigo da yayana Haruna gida a goye, ƙafarsa ta dama ɗaure da tsumman zani. Kububuwa ce ta sare shi a gonar gyaɗarmu ta bayan gari, yana cikin noma na biyu. Ina tsugune ina wanke ƙoren fura, sai na ga Inna ta saki muciya a cikin talge. Ƙauyenmu yana gefen Bulkachuwa, asibiti kuwa sai Azare, kuma mota ɗaya ce tak a garin: tsohuwar akori-kurar Babanmu, wadda yake kai buhuna kasuwa da ita. Shi Baba ya tafi ta'aziyya Gololo tun jiya a motar haya, ya bar tasa a gindin darbejiya.

Shekarata tara a lokacin, kuma sunana a gida Rediyo, don ba a yin magana a gabana ta kwana. Ni na faɗa wa maƙwabta kuɗin akuyar Inna, ni na kai labarin Haruna ya gudu daga makaranta, na kuma sha tsumagiya a kan haka ba sau ɗaya ba. Buɗe wa kaji da safe aikina ne. Ranar da Baba zai tafi, na tarar da shi yana cusa wani ɗan abu baƙi cikin jinkar akurki. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Hadiza, wannan tsakanina da ke ne. Ko Baffanki bai ji ba." Karo na farko ke nan da wani ya ba ni amana, na wuni ina tafiya kamar mai ɗauke da tulu cike.

Baffa Idi, ƙanen Baba, shi ya karɓo makulli wajen Inna. An shimfiɗa Haruna a bayan motar bisa tabarma. Baffa ya murɗa, inji ya juya, ya yi ta juyawa, bai tashi ba. Matasa suka tura ta har bakin masallaci, ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, motar ta yi tsalle ta tsaya. Suka sake turowa, gumi yana zuba, shiru. Nan aka ruga aka kira Malam Bukar, wani Babarbare mai injin niƙa wanda ya yi tuƙi da ƙuruciyarsa.

Haushinsa na ji a ranar, domin mutum ne da ba ya sauri ko gobara ake yi. Ya ɗaga murfin inji, ya ce batir lafiya yake tunda inji na juyawa. Ya zare tiyon mai daga kafireto ya ce a murɗa, fetur ya tsarto masa a hannu. "Mota abu biyu take nema, mai da wuta," in ji shi. "Mai ya zo." Ya kunce fulogi ɗaya, ya goge da bakin rigarsa, ya jingina shi da ƙarfe, aka sake murɗawa, ko ƙyallin wuta babu. Duk wannan lokaci ina jin nishin Haruna. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, da ya tofar da yawu kuma na ga jini a ciki. Inna, wadda ba ta taɓa fitowa ƙofar gida da rana ba, tana tsaye babu mayafi, ba wanda ya ce mata ta koma.

Malam Bukar ya bi waya da yatsa har ya kai wani murfi mai wayoyi biyar, ya ɓalle shi, ya leƙa. Ya ce babu rota, wadda ke raba wa fulogai wuta, kuma ba faɗuwa ta yi ba, cirewa aka yi, kamar yadda direbobi ke yi saboda ɓarayi. Baffa ya sunkuyar da kai, don ya san shi ne yake ɗaukar motar in Baba ba ya nan. Aka tambayi kamannin rotar. Malam Bukar ya gwada da babban yatsansa: ɗan abu baƙi, da ɗan jan ƙarfe a samansa.

Na gane ita ce Baba ya ɓoye. Yau da girmana ina jin kunyar faɗin wannan, amma ban yi magana nan take ba. Na tsaya ina kallo aka shiga ɗakin Baba, aka zazzage aljihun riguna, aka ɗaga katifa, aka kifar da akwati. Ni da ba a taɓa roƙona magana ba, ranar harshena ya yi nauyi, ina tuna idon Baba. Sai da Haruna ya kira Inna da wata murya siririya da ban san shi da ita ba, sannan na ruga bayan rumbu, na tura hannu cikin jinkar akurki, na kawo wa Malam Bukar ina kuka. Ya ɗora ta, ya mayar da murfi. Murɗa ɗaya motar ta tashi.

Haruna ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, ya rayu, amma an yanke masa yatsun ƙafa biyu. Baba bai yi mini faɗa ba, bai kuma yaba mini ba. Daren da ya dawo dai na ga ya miƙa wa Baffa makulli, kuma bai sake buɗe wancan murfin ba har aka sayar da motar.

Yanzu kira ɗaya ake yi a waya a tambayi mutum inda ya ajiye abu, ga babura a kowace ƙofa, kwalta ta iso kusa da mu. Akurkin ya rushe, Malam Bukar da Baba sun riga mu gidan gaskiya. Haruna yana zuwa gidana a Azare duk Juma'a, har yanzu Rediyo yake ce mini, yana dariya. Idan ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ni kawar da ido nake yi, domin ban taɓa gaya masa tsawon shirun da na yi ba.