Kawu Mai Lasifika da Sakan Arba'in da Bakwai

Kawu ya rasu ranar Talata, 14 ga watan Mayu, da ƙarfe goma da kwata na safe. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Takardar likita ta ce hawan jini ne. Ba ni da hujjar musa ta, don haka na bar ta yadda take.

Kawu, yayan mahaifiyata, shekara ashirin da shida ka yi kana ba da hayar lasifika. Kai ka kai ni jami'a a babur ranar farko, akwatina a ɗaure inda kake ɗaure kayan sauti, kuma tun ranar kake kirana Lauya, alhali ko aji ban shiga ba. Makarantar unguwa ba ta taɓa taron iyaye ba sai da kayanka, kyauta. Ba ka jure ƙarar banza. Rediyon gida ya ɗan yi shuu, sai ka tsame hannu daga abinci ka je ka gyara.

Ranar zaɓen bara aka kashe ɗanka na fari a bakin rumfar zaɓe ta makaranta, yana wakilin jam'iyyarsa. Ba a kama kowa ba. Bayan wata biyar aka ɗauke ka aikin taron godiya na ɗan majalisar da ya kayar da jam'iyyar ɗanka. Mama ta roƙe ka kada ka je, ka ce ba ka taɓa zaɓen wanda za ka yi wa aiki ba. Kana zaune gaban na'urarka ɗan majalisar ya karɓi makirufo ya ce: "Waɗanda suka tare mana hanya a rumfar makaranta, kun ga yadda muka yi da su. Ko gobe aka sake, a shirye muke." Aka yi tafi. Kai kuwa kana naɗar taron a katin memori, kamar yadda ka saba.

Sati uku da kammala karatuna ka ajiye mini katin a kan tebur, ka ce mutumin ya amsa laifinsa da bakinsa, sai kotu. Na saurara sau goma sha ɗaya. Sakan arba'in da bakwai ne, tas, ba ko tari. Na tambaye ka ina sauran. Ashe ka gyara shi kamar yadda kake gyara kowane aiki kafin ya bar hannunka: ka cire kiɗa, ka cire ƙugin janareto da dogayen gaisuwa, ka ɗora gyararren a kan na asali.

Na gaya maka abu biyu. Kalaman sun isa a buɗe bincike, amma a shari'a ba su kai amsa laifi ba, domin bai ambaci kisa ba, bai ambaci kowa ba. Sannan muryar da aka yanka, lauyoyinsa za su yi kaca-kaca da ita.

Ka ce, "Wato Lauya, da na bar masa ƙarar janareton, da ɗana ya sami gaskiya?"

Na ce da ya fi. Amsar daidai ce, kuma har yau ina nadamarta.

Manyan lauyoyi biyu sun maimaita abin da na faɗa. Ƙorafinmu an buga masa hatimi ranar 9 ga Janairu, shiru har yanzu. Kakakin ɗan majalisar ya ce a rediyo raha ce kawai a kan ƙuri'u. Bayan kwana uku ya ce ai muryar ma haɗa ta aka yi. Ba wanda ya tambaye shi wanne za a ɗauka. Kai kuma ka rufe shago, ba ka ƙara taɓa wayar lasifika ko ɗaya ba.

Ba zan rubuta cewa shi ya sa aka yi kisan ba, ba ni da shaida. Na dai san ya yi alfahari da ranar a gaban uban mamacin. Ɗaruruwa sun ɗaga wayoyinsu a taron nan. Na bi mutum goma sha tara in roƙi cikakken naɗi. Sha tara ɗin duk wayarsu ta ɓata ko ta lalace. Wasunsu sun zo jana'izarka, a sahun gaba. Duk mai cikakken naɗin ya kawo mini yadda yake, kada ya cire komai.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya yafe maka, Ya haɗa ka da ɗanka a Aljanna. Ya ba Gwaggo matarka, da Mama, da 'ya'yanka huɗu da suka rage haƙuri. Shari'ar da ta gagare mu, mun miƙa ta ga Wanda Ya ji taron daga farko har ƙarshe.