Malama Alamelu Pillay da Ƙofofin Tsofaffin Melbourne

Warwick Danaher ya ci amana. Ya zauna a gidan tsohuwa, ya ci shinkafarta, ta kira shi jika, sannan ya kwashe sirrinta ya buga a littafi don a ce masa Dokta. An fara da wannan ne saboda duk inda aka ambaci Malama Alamelu Pillay a Melbourne sai an ambaci sunansa a gefe, kuma bai dace na baya su kasa bambance wanda ya yi ɓarna da wadda ta gyara ba.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Alamelu a shekarar 1940 a garin Tavua na ƙasar Fiji. Mahaifinta Munusami Naicker manomin rake ne a gonar haya, mahaifiyarta kuwa sunanta Kanniamma. Zuriyar Tamilawa ne da aka kwaso daga kudancin Indiya domin aikin rake. A lokacin ƙuruciyarta Tamilanci ya fara barin gidajen Tavua, yara Hindin kasuwa suke yi. Kakarta ta wajen uba, wadda ba ta taɓa koyon wani harshe ba, tana zaune a bayan gida ba mai tanka mata sai in za a miƙa mata abinci. Alamelu ce mai tsefe mata kai, kuma a nan ta sami harshen tun kafin ta san harafi ɗaya.

Karatu

Ta shiga firamare a 1947, ta wuce kwalejin horar da malamai a Suva a 1958. A shekarar 1962 ta sami tallafin karatu zuwa Madras a Indiya, inda ta nazarci Tamilanci da adabinsa. 'Yan ajinsu sun yi ta yi mata dariya wai tana magana irin ta tsofaffin ƙauye. Ta koyi na littafi har ta zarce su, nata na gida kuma ba ta yar ba. Ta koma Fiji a 1965 ta kama aikin koyarwa.

Aure, 'ya'ya da ƙaura

A 1967 ta auri Raghavan Pillay, makanikin bas a Lautoka, suka haifi 'ya'ya uku. Bayan juyin mulkin 1987 zama ya yi wa 'yan asalin Indiya wuya, iyalin suka ƙaura zuwa Melbourne a shekarar da ta biyo, suka sauka a unguwar Dandenong. Takardun karatunta ba su sama mata aikin koyarwa a can ba. Macen da ta shekara ashirin da biyu tana koyarwa ta koma jera biskit a kwali, kuma ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Zangon bazara

A shekarar 1991 wata jami'a a birnin, wadda ba sai an ambaci sunanta ba, ta buɗe zangon bazara na harsunan kudancin Asiya: Hindi, Urdu, Bangla, Sinhala da Tamilanci. Aka ɗauke ta ta riƙe ajin Tamilanci, kwantiragin mako takwas, ana sabuntawa duk shekara.

Wanda bai ga wannan zango ba zai yi wuya ya gaskata. Karatun shekara guda ake dunƙulewa tsakanin farkon Disamba da ƙarshen Janairu, bazarar can ke nan, lokacin da sauran mutanen gari suke kwance a bakin teku. Daga safiya zuwa la'asar ake yi. Akwai likitoci, akwai masu bincike, akwai 'ya'yan baƙi da suka tashi ba su iya gaida iyayen iyayensu ba. Ranar farko kowa yana yin alkawarin ba zai yi Turanci a harabar ba har a gama. Mutum yakan zo bai san yadda ake cewa ruwa ba, ya fita yana musu a kan siyasa. An sha ganin gardi da gemu yana kuka a mako na uku, a na shida kuma yana ba da labarin mafarkin da ya yi da Tamilanci.

Malama Alamelu ba ta da tsawo, ba ta ɗaga murya, amma alkawari a wurinta alkawari ne. Wata rana ta sami wani babban likita a bayan gini yana waya da Turanci.

"Likita, da wa ake hira?"

"Matata ce, Malama."

"To gaya mata da Tamilanci kana kewarta. In ba ta gane ba babu asara, da Turancin ma ba yarda take yi ba."

Abin da ya bambanta ajinta da sauran shi ne ranar Juma'a. A unguwannin Dandenong da Clayton akwai tsofaffi da yawa da 'ya'yansu suka kawo daga Indiya da Sri Lanka, suna wuni su kaɗai a gida ba su jin Turanci. Ta bi su gida-gida ta roƙa, suka buɗe mata ƙofa saboda mutuncinta. Kowane ɗalibi ta haɗa shi da tsoho ko tsohuwa guda. Zai je ya cire takalmi, ya zauna, ya ci da hannu, ya saurara. Jarrabawar ƙarshe ma bakin tsohuwar ake nema. An ji ta tambayi wata, "Kaka, yaya yaron nan?" Tsohuwar ta ce, "Ci kamar ɗan sanda, magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Bar min shi mako guda, zan lanƙwasa shi."

Hukumar jami'a ta nemi a riƙa sa tsofaffin suna sa hannu a takarda kafin ziyara. Malama ta ƙi, ta ce ba a sa takarda tsakanin kaka da jika. A al'adarsu wanda ka ciyar da hannunka ya daina zama baƙo, kuma ta ɗauka duk wanda ya ci zai san nauyin abin da ya ci. Wannan kuskure ne, kuma ba za a ɓoye shi ba don ita mutuniyar kirki ce.

Cin amana

Danaher ya shiga ajin a ƙarshen 1998, saurayi mai kaifin kunne, ba ta taɓa samun ɗalibi kamarsa ba. Ta haɗa shi da Kaka Rasamani, wata gwauruwa 'yar Jaffna ta Sri Lanka da yaƙi ya koro. Tsohuwar ta so shi ƙwarai. Bayan zango ya ƙare ya ci gaba da zuwa shekara da shekaru, tana zuba masa shinkafa da miyar tsamiya, tana ba shi labarin yadda wani maƙwabcinta, malamin makaranta, ya ɓoye ɗanta a rumbu lokacin da ake nemansa. Shi kuwa rikoda ce a cikin jakarsa tana juyawa, tsohuwar ba ta sani ba.

Da wannan ya sami digirin dokta da aiki a jami'ar. A 2006 littafinsa ya fito, da sunan tsohuwar, da sunan maƙwabcin, da sunan ƙauyen. Ba a daɗe ba wasu mutane da makamai suka je suka ɗauke maƙwabcin. Bayan watanni aka sake shi da ƙafa karyayya, bai ƙara tafiya daidai ba.

Labarin ya zagaye unguwannin, aka rufe ƙofofi gaba ɗaya. Bazarar wannan shekara ba ɗalibi ko ɗaya da ya shiga gidan kowa, kuma jami'a ta ce in haka ta sake faruwa za ta rufe ajin. Kwamitin bincike ya kira Malama. Wasu suka ba ta shawara ta ce ba ta san komai ba, tunda gaskiya ba ta sani ba. Abin da ta faɗa wa kwamitin shi ne ita ta koya wa Danaher harshen, ita ta kai shi ƙofar, ita kuma ta hana takardar da aka ce a yi. Ba ta zage shi ba, domin a wurinsu malami ba ya tsine wa ɗalibinsa. Ba ta kuma kare shi ba.

Tsayuwa a ƙofa

Daga watan Maris na 2007 ta fara zuwa gidan Kaka Rasamani duk Juma'a. Takan cire takalmi ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba, in rana ta karkata ta koma gida. Tana da shekara sittin da bakwai a lokacin. Sanyin Yuli, hunturun can, da ruwansa suka same ta a nan. Mijinta ya ce, "Alamelu, ke kika karya ƙafar mutumin nan?" Ta ce, "Ni na buɗe ƙofar. Miƙo min laima."

Sauran tsofaffin duk suna jira su ga abin da Rasamani za ta yi, domin ita aka cuta. A wata Juma'a ta Nuwamba, saura kaɗan zango ya buɗe, tsohuwar ta leƙo ta taga.

"Ke 'yar Fiji, ba ki da gida ne? Maƙwabta sun fara cewa na sayi gunki."

"Ina da gida, Kaka. Fuskar shiga naki ce ba ni da ita."

"Fuskar ma daman ba wata ta a zo a gani ba ce. Shigo, abinci na hucewa."

Sai da tsohuwar ta ga Malama ta cinye sannan ta kafa sharaɗi. Ɗalibi zai bar jakarsa da wayarsa a waje tare da takalminsa. Abin da aka faɗa a kan abinci ba ya fita sai mai maganar ya ce a fitar. Ita da kanta kuma za ta kalli idon wanda za a kawo mata kafin ta yarda. Malama ta amince, ta kuma karɓi takardar jami'a, da sharaɗin a karanta wa kowane tsoho da harshensa. Kafin Disamba ƙofofin Dandenong da Clayton suka buɗe, ajin ya tsira.

Ƙarshen rayuwa da rasuwa

Kaka Rasamani ta karɓi ɗalibai har rasuwarta a 2010. Raghavan Pillay ya rasu a 2011. Malama ta ci gaba da koyarwa zuwa 2015, bazara ashirin da huɗu ke nan, jami'a ba ta taɓa ba ta aikin dindindin ba, wannan kuma abin kunya ne ga jami'ar. Ɗalibanta suna asibitoci da kotuna da makarantu daga Darwin a arewacin ƙasar zuwa Hobart a kudu.

Ta rasu a gidanta na Dandenong a watan Agusta na 2019, tana da shekara saba'in da tara, bayan gajeriyar jinya. An ƙone gawarta bisa al'adarsu, aka zuba tokar a teku. Ta bar 'ya'ya uku: Devika, mai haɗa magunguna a Clayton, Murali, injiniya a Auckland, da Saroja, wadda take riƙe da ajin Tamilanci na zangon bazara. Ta kuma bar jikoki biyar.

Warwick Danaher kuwa, jami'a ta soke digirinsa ta kore shi a 2008, aka janye littafin daga kasuwa. Yana nan Melbourne. Har yau in ya shiga shagon Batamile ya yi sallama da Tamilanci, da Turanci ake amsa masa.