Ƙaton Babur ɗin Yaya Hashimu da Hannun da Ya Faɗa

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Hashimu makwancinsa a Sabon Birni. Ciwon hanta ne ya ɗauke shi, a kan shimfiɗarsa, iyalinsa na gefe. A lokacin mun yi ta cewa ya tafi da wuri. Yau kuwa, in na dubi yadda ake mutuwa a ƙasar Gobir, a gona, a kan hanya, a dajin da babu mai wanka babu mai sallah, sai in ga ashe sutura Allah ya yi masa, mu ne ba mu gane ba.

Ɗan kasuwa ne, yana ɗauko atamfa da turare daga Maraɗi ya kawo Sabon Birni da Isa. Amma ba da atamfa aka san shi ba. Daga Kurawa har Tozai, in ka ce Hashimu sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Ƙato, har yara sun gane. Ƙaton shi ne babur ɗinsa, baƙi, na hannu, wanda ya saya a Nijar da araha saboda mutane suna tsoron girmansa. Yana da gilashi a gaba mai tare iska, da akwati biyu a gefe, da mazauni mai faɗi. Injinsa ya fi na baburan kabu-kabu nesa ba kusa ba.

Ban manta ranar da ya fara goya ni zuwa Isa ba. A cikin gari abin nauyi ne da shi, in ya shiga rairayi sai gaban ya riƙa lilo, Yaya ya sauke ƙafa biyu yana lallaɓa shi kamar mai jan ingarma. Muna hawa kwalta sai ya zama wani abu daban. Nauyin nan da ya dame mu shi ne ya danne shi a ƙasa, babu karkarwa, babu tsalle. Ƙararsa ba irin ihun ƙananan babura ba ce, gurnani ne mai kauri da kake jin sa a ƙirji. In an zo kwana sai ya kwanta a hankali ya miƙe a hankali. Muka isa ban ji ciwon baya ba. Na tambaye shi me ya sa ba ya sakar masa wuta, ga hanya fayau. Ya ce mini, "Ƙarhi na aje wa ranar bukata ne, ƙanena. Wanda ka nuna ƙarhinai kullum, bai da shi."

Ranakun bukata kuwa sun yi ta zuwa. Mai naƙuda da ta gagara, manomin da maciji ya sara, tsohon da numfashi ya tsaya wa, in mota ba ta samu ba, ƙofar Mai Ƙato ake bugawa. Ya kan sauke kayan kasuwarsa, a ɗaura masa majinyaci a baya da zane, wani ya riƙe, ya kama hanyar asibiti. A ranakun nan ne kawai na san ya buɗe wa injin nan baki. Mutanen ƙauyukan da ke hanyarsa sun haddace gurnanin, da sun jiyo shi daga nesa sai su fito bakin hanya suna ɗaga hannu.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da a ce ya leƙo yanzu. A yau ƙarar babur daga nesa ba ta fito da kowa bakin hanya. Mata su suri 'ya'ya su faɗa cikin dawa, maza su bar garma a kunya. Abin da talaka ya samu ya huta da tafiyar ƙasa, shi ne aka mayar abin hawan masu kashe shi. Mai neman halalinsa da kabu-kabu kuma yana tsakiya, a daji a ƙwace, a shingen hanya a tsare shi ana masa kallon ɓarawo.

Duk wannan masifa ce ta kowa da kowa. Abin da ya tsaya mini a wuya na gidanmu ne. Bayan rasuwarsa babur ɗin ya daɗe a zaure, lulluɓe da tamfol, don matarsa Hajara ba ta son a taɓa shi. Da noma ya gagara, hatsi ya yi wuya, ga marayu, dole ta yarda a sayar. Wanda ya kawo mai saye dillali ne na garinmu, abokin Yaya tun ƙuruciya, mutumin da suka ci tuwo a akushi ɗaya, wanda yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya ce wani ɗan kasuwa ne daga Nijar yake so. Ba wanda ya yi masa tambaya ta biyu.

Damina ba ta fita ba labari ya zo daga wajen Tozai. Mutanen wani ƙauye sun jiyo gurnanin da suka sani, har wasu tsofaffi suka fito, suna zaton wani daga gidan Mai Ƙato ne ya zo gaisuwa. Sai ga shugaban 'yan bindiga a kai, bindiga rataye a wuya, yaransa a baya kan ƙananan babura. A ranar aka kora shanun garin, aka tafi da mutane. Babur ɗin ma ba na daji ba ne, ba ya iya rairayi, don fankama kawai ya saye shi. Daga baya wani manomi ya ce ya gan shi yashe a cikin kwazazzabo, an cire ƙafafun, gilashin a farfashe.

Na sami dillalin a rumfarsa na tambaye shi ko ya san wa ya kai wa. Bai ko sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Malam, ni dillali nike. Ban tambayar mai saye ina za shi da kaya. In ban kai musu ba, wani na kai."

Na tashi na bar masa rumfarsa. Da ɗan gari akan ci gari. Mutanen dajin nan ba su haƙa rijiyar mai ba, ba su da masana'antar babur, ba su da gidan burodi. Daga cikinmu ake kai musu, kuma masu kaiwar ba ɓoye suke ba. Mutumin nan har yau yana sahun gaba a masallaci, da babbar riga, ana ba shi hannu biyu. Ni ɗan daji bai ba ni ƙyama kamar wanda ke zaune da mu yana cin kasuwar jininmu ba. Yaya mutum ne mai kawaici, amma na san da yana raye ba zai sake haɗa inuwa da shi ba.

To me ya rage na Hashimu? Ba dukiya ya bari ba, ƙarfen ma tsatsa ta ci. Watan jiya na shiga wata makaranta a Isa inda 'yan gudun hijira suke zaune. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta ji an ce ni ƙanen Mai Ƙato ne, ta aiko a kira ni. Tabarma ɗaya da kwano ɗaya ne duk abin da ta fito da shi daga garinsu. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta ce mijinta da 'ya'yanta biyu sun riga ta, kuma duk asuba in ta idar da sallah tana ambaton sunayensu ɗaya bayan ɗaya. "Shi ma ina sa shi ciki," in ji ta. "Na huɗu nike sa shi."

Ban tambaye ta me ya yi mata ba, ita ma ba ta faɗa ba. Allah ya karɓi addu'arta, ya haskaka kabarinsa, ya tona asirin masu sayar da mu.