Mainasara da Tankar Maraɗi

Babana, Malam Mainasara, direban tanka ne, kuma a Ƙaura Namoda in ka ce Mainasara kawai, sai an tambaye ka wanne. Amma in ka ce Mainasara Tanka, ko 'yan acaɓar tasha za su kai ka ƙofar gidanmu. A Banga aka haife shi, gidan manoma. Kakanmu ya so ya riƙe fartanya, shi kuwa tun yana saurayi zuciyarsa na wurin duk abin da ke da inji. Ranar da ya fara shigowa Ƙaura da buhun gyaɗa a kan jaki, bai koma gida ba sai da ya kwana a gareji yana kallon yadda ake sauke injin wata babbar mota. Daga nan gona ta rasa shi.

Na tashi na tarar yana ɗauko fetur daga kudu yana saukewa a Gusau da Ƙaura, wani lokaci har Shinkafi. In ya tafi sai mu yi mako biyu ko fiye ba mu gan shi ba. Mutum ne dogo, marar jiki, mai magana a hankali. Bai taɓa sa ashana a aljihu ba, kuma ko a gida ya ga an kunna murhu kusa da inda ya rataye rigarsa, sai ya tashi ya ɗauke ta. Innarmu Hauwa takan ce ta wanke kayansa da kowane irin sabulu da ke kasuwa, amma warin fetur ya ƙi barinsu, har ta saba, in ba ta ji shi ba sai ɗakin ya zame mata baƙo.

Abin da ya bambanta shi da sauran direbobi shi ne rediyo. Su suna neman waƙa, shi yana neman labarin mai. In aka ce jakadan wata ƙasa ya yi magana a kan bututun gas da ake son ja daga Najeriya ya ratsa Nijar ya tsallake hamada, Baba zai ƙara murya ya ɗaga mana hannu mu yi shiru. Ya san sunayen garuruwan da aka ce bututun zai bi, ya san masu son a bi ta gaɓar teku a maimakon hamada, ya kuma san dalilin kowa. Na taɓa tambayarsa ko ba ya tsoron bututu ya raba shi da aikinsa. Ya yi dariya ya ce, “Ummusalma, tun ban auri innarki ba suke zancen nan. Su ja shi, Allah ya ba su sa'a. Amma ta gonakin mutane zai bi, in ba a zauna lafiya da masu gonar ba, wa zai tsare shi?”

A kan hanyar Zurmi ya gamu da Armiya'u. Shi mutumin Maraɗi ne, gajere, mai ƙiba da yawan dariya, yana jan tankar wani ɗan kasuwa, yana kawo gas ɗin girki daga Nijar zuwa Gusau. Ranar tayarsa ce ta fashe a wurin da ba mai son tsayawa, motoci suna ta wuce shi da gudu. Baba ya tsaya, suka canza tayar tare, ya bi bayansa har Ƙaura, ya kuma kawo shi gida cin tuwo. Tun daga ranar Armiya'u bai ƙara ratsa garinmu bai tsaya ba. Yakan zo mana da cuku da dabino, mu kuma muna kiransa Baba Armiya'u.

In suka haɗu a zaure, gardama ce har a kira la'asar. Armiya'u yana bayan bututun hamada, don ta ƙasarsu zai bi. Baba kuwa, don ya tsokane shi, sai ya koma bayan na teku.

“Alhaji, hamadarku wa ka iya tsaronta?” in ji Baba.

“To ruwan teku ku kuka iya tsaronsa? Malam, kai ko rijiya ba ka leƙawa!”

Fetur ma ba su yarda da sunansa ba. Armiya'u ya ce isansi, Baba ya ce wannan sunan turaren mata ne. Inna in ta aiko da fura takan ce, “Ku kai wa jakadu, ko sa jiƙa maƙoshi su ci gaba da raba duniya.”

Daminar da sojoji suka karɓi mulki a Nijar, Armiya'u yana Gusau yana sauke kaya. Kafin ya kai Zurmi a kan hanyar komawa, labari ya iske shi cewa an rufe iyaka, babu motar da ke wucewa. Zurmi ba wurin da mutum zai zauna da tanka ba ne a wancan lokacin, sai ya juyo Ƙaura. Mutane suka ba shi shawara ya bar motar ya hau babur, masu bin hanyoyin daji ta wajen Shinkafi su sada shi da gida. Ya ce mota amanar mai ita ce, ba zai bar ta a ƙasar wasu ya tafi ba. Baba ya roƙi mai wani gidan mai ya bari a ajiye tankar a bayan shagonsa, ya kuma share wa Armiya'u ɗakin da ke jikin zaure.

Makonnin farko sun wuce lafiya. Shi ma Baba aiki ya ja baya, don fetur ya yi tsada, masu gidajen mai ba sa yawan saro shi. Su biyu suna zaune da rediyo a tsakaninsu, suna jin jakadu da wakilan ƙasashe suna ta bayani, wannan ya ce takunkumi ne zai dawo da hankalin sojoji, wancan ya ce talaka kaɗai zai sha wuya. Amma na lura dariyar Baba Armiya'u tana raguwa. Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kuma mahaifiyarsa tsohuwa ce mai ciwon suga, maganinta sai a firji yake zama.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Asta, matar Baba Armiya'u, ta bugo masa waya. Ina tsakar gida ina jin muryarsa daga zaure. Maganin ya lalace, tsohuwa ta kwanta, asibiti kuma babu wuta sai ɗan lokaci. Yana ajiye wayar, rediyo ta sako wani jami'in diflomasiyya yana cewa yanke wutar mataki ne da ya zama dole. Baba, da bai gama fahimtar abin da aka faɗa a wayar ba, ya gyaɗa kai ya ce ai mutumin yana da hujjarsa.

“Hujja?” in ji Armiya'u. “Ku kunka kashe muna wuta, uwata na kwance, kana ce mini hujja?”

Maimakon Baba ya yi shiru, sai gardamar da ya saba ta rinjaye shi. Ya ce, “To shekara nawa kuna shan man ƙasarmu da arha, mun ce muku wani abu?”

Armiya'u ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki buta da jaka, ya tafi bayan gidan mai ya tare a cikin motarsa.

Baba ya san ya yi kuskure, kowa a gidan ya ga haka a fuskarsa, amma mutum ne da ban haƙuri ke yi wa nauyi. Ya kwana biyu yana shiga yana fita, ko rediyon bai kunna ba. Inna kuwa tana aika wa baƙo abinci safe da yamma. A rana ta uku Baba ya zauna a zaure yana jiran abincin rana, shiru. Ya leƙo tsakar gida.

“Hauwa, yau ba a yi da ni ba ne?”

“An yi da kai, Malam. Kwanonka na can inda baƙonka yake. Tun da munka san Alhaji kwano ɗaya nike zuba muku, ban iya raba shi biyu ba.”

Baba ya koma zaure. Sai ya sa hularsa ya fita. Ni aka aika daga baya in ɗauko kwanon, na tarar da su zaune a inuwar tankar, kwano a tsakaninsu ba wanda ya taɓa. Baba yana cewa, “Bakina ya riga hankalina, Alhaji. Ka yafe mini. Uwarka uwata ce.” Armiya'u ya share ido da hannun riga ya ce shi ma zafin zuciya ne, ai ba Mainasara ne ya yanke wuta ba.

A nan Baba ya faɗa masa abin da ya kwana yana tunani. Ya ce Armiya'u ya tafi gida ya ga tsohuwa, motar kuma ya bar ta a wuyansa. Armiya'u ya fara musu, Baba ya ce ya bugo wa mai motar su yi magana. Aka bugo, Baba ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarmu, ya ce duk abin da ya sami tankar nan shi za a tambaya. Mai motar ya yarda.

Muna da ƙaramar sola a kan rufin ɗakin Inna, ita ke ba mu fitila da fanka. Da yammar nan Baba ya hau ya kwance ta da kansa, ya haɗa da batirin, ya ce za ta iya riƙe ƙaramin firji. Inna ce ta naɗe ta da tsohon bargo don kada ta fashe a hanya. Ranar kasuwar Shinkafi Baba ya raka shi har can, ya damƙa shi a hannun wani ɗan acaɓa da ya yarda da shi, bai bar garin ba sai da waya ta zo cewa sun isa.

Watannin da suka biyo baya, tankar nan ta zama kamar wata dabba da Baba ke kiwo. Kullum da safe zai je ya zagaya ta. Yakan tada injin ya bar shi ya ɗumama, ya matsa da ita gaba kaɗan don kada tayoyin su gaji da zama a gefe ɗaya. Ya samo tsofaffin buhuna ya lulluɓe tayoyin saboda rana. Wani ya zo neman hayarta ya yi sawu ɗaya zuwa Gusau, Baba ya ce ba tasa ba ce. Ko aikin kudu da ya samu sau biyu, sai da ya bar maƙwabcinmu Nafi'u makanike a kanta, ya kuma dinga damunsa da waya.

Tsohuwar ta rasu bayan wata biyu da komawar ɗanta. Armiya'u ya bugo yana kuka, ya ce a kan cinyarsa ta cika, shi ya sa ta a kabari. Baba ya zauna zaman makoki a ƙofar gidanmu, mutanen unguwa suka zo suna yi masa ta'aziyya, duk da ba wanda ya taɓa ganin matar a cikinmu.

Cikin azumi aka buɗe iyaka. Armiya'u ya iso ya rame, amma dariyarsa ta dawo. Ya hau motar ya murɗa makulli, ta tashi nan take. Ya sauko ya rungume Baba a gaban jama'a, Baba yana ta ƙoƙarin zamewa yana cewa a'a, ai azumi ake yi, kada ya kayar da shi.

Bara idon Baba ya fara ba shi matsala, likita a Gusau ya ce tuƙin nesa ya ƙare. Ya karɓi abin da haƙuri fiye da yadda muka zata. Yanzu yana zama a ofishin ƙungiyar direbobi, in rigima ta tashi tsakanin mai mota da direba, shi ake kira. Bayan sallar layya Armiya'u ya zo ya ce sai ya tafi da shi Maraɗi, a duba masa idon a can kuma ya ga kabarin tsohuwa. Baba, da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan titi, bai taɓa tsallake iyaka ba, kuma rabon da ya zauna a kujerar fasinja har ya manta. Inna ta haɗa masa kaya, muka raka su bakin titi.

Da yamma na bugo in ji ko sun sauka. Baba Armiya'u ne ya ɗauka.

“Mun sauka lafiya, ɗiyata. Amma ki hwaɗa ma innarki, in zai komo mota ta haya zan sa shi. Tun daga Ƙaura har ƙohwar gidana yake koya mini tuƙi.”

Ina jin muryar Baba daga gefe yana cewa ai gaskiya ce, mutum ya riƙa canza giya kamar yana faɗa da motar.