Yasar Rijiyar Gidanmu

Rijiyar gidanmu a Toranke ta girme ni. Mahaifinmu ne yake yashe ta duk bazara har Allah ya karɓi ransa. Daga nan ta daɗe a rufe da kwano, don an kafa famfon tuƙa-tuƙa a unguwa. Da famfon ya lalace, ƙanina, autanmu, ya ce shi zai shiga ya yashe ta.

Lokacin bai jima da gama sakandare a Gaya ba. Sakamakonsa ya yi kyau, har da kimiyya. Da bakinsa ya gaya mini, yana dariya, cewa amsoshin ta waya suka iso musu, su kwafa kawai suka yi. Yaro ne mai hankali da ladabi. Abin dai, komai sai ya tambayi waya: maganin ciwon kai, ranar da za a yi ruwa, har lokacin salla, alhali ga ladan yana kira.

Ran da zai shiga, da hantsi, Inna ta fito da tsohuwar fitilar ƙwai. Haka mahaifinmu yake yi. A kunna ta, a ɗaura mata igiya, a zura ƙasa. In ta mutu, ba mai shiga, sai an bar rijiyar a buɗe ta sha iska.

"Auta, zura wannan tukuna," in ji Inna.

"Da wane kananzir, Inna? Rabon gidan nan da kananzir tun ina firamare. Ba haske kike so ba? Ga wanda ya fi naki."

Ya kunna fitilar wayarsa da kyamara, ya sa ta a guga ya zura. Da ya jawo, muka taru muna kallo. Ga bango, ga laka, komai tar.

"Yaya, ga kofinki can da kika ce maƙwabta sun ɗauke," ya ce mini. Har Inna sai da ta yi murmushi, amma ta sake cewa, "Babanku dai wuta yake zurawa."

"Don me sai wuta?" in ji shi.

Daga ni har Inna mun taso mun ga ana yi, ba mu taɓa tambayar dalili ba.

Wani abokinsa da ya zo taya shi ya tsaya a bakin rijiyar da igiyar guga. Ƙanina kuma ya sauka yana taka ramukan bango, yana tsokanar Inna wai ta tanadar masa fura. Ana cikin haka maganar ta yanke. Muka kira, ba amsa. Abokin ya yunƙura zai bi shi, maƙwabtan da suka jiyo ihunmu suka riƙe shi. Da ƙugiya aka fito da ƙanina.

A asibiti a Gaya likita ya ce iskar ƙasan rijiyar ce ta ɓaci saboda daɗewa a rufe. Wuta ba ta ci a irinta, mutum ma ba ya iya numfashi. Ita waya babu ruwanta da iska. Ya ce ai ana koyar da wannan a aji.

Bayan sadakar bakwai mazan unguwa suka cike rijiyar da ƙasa. Inna ba ta fito daga ɗaki ba sai da suka gama. Har yau, in za ta ƙetare tsakar gida, ta gefen katanga take bi.