Matankaɗin Sa'idu da Ya Juye

Ranar Laraba mai zuwa ƙanina Sa'idu zai cika shekara shida da rasuwa. Kusan shekara shida ke nan kuma wayarsa tana hannuna. Matarsa ce ta miƙo mini ita bayan ta fita takaba, ta ce ni na san kanta. Sau biyu na canza mata batir. Har yau takan yi ƙara jefi-jefi, in duba in tarar wani ya rubuta masa sharhi a ƙarƙashin bidiyoyin da ya bari a intanet. Wasu addu'a suke yi masa. Wasu kuwa ba su ma san ya rasu ba, suna tambayar ina ya shiga, me ya sa ya daina koyarwa.

Sa'idu ba malamin jami'a ba ne, ko da yake kowa Malam yake ce masa. A ɗakin gwaje-gwaje na ɗaliban injiniya yake aiki, a jami'ar da ke can Gidan Kwano. Shi ke jera musu kayan aiki kafin su shigo, shi ke gyara abin da suka lalata bayan sun fita. Abin da ya dame shi tun farko shi ne yaro ya haddace lissafi da Turanci tsaf, amma in ka ɗora masa giyar inji guda biyu a kan tebur ka ce wacce za ta fi gudu, sai ya tsaya sosa ƙeya. Wannan ya sa ya fara ɗaukar darasi da Hausa a tsakar gidanmu da ke unguwar Tunga, duk Asabar da hantsi. Ni ce mai riƙe waya. Wai hannuna ba ya rawa, don na shekara talatin ina rubutu a allon firamare. Gaskiyar magana dai ba shi da abin ɗora wayar ne, ya ga yayarsa a zaune.

Bidiyonsa na farko ya kusa sa ni hawan jini. Sunan da ya ba shi wai "Amfanin giya ga direba". Shi giyar mota yake nufi, amma a rubuce babu abin da ya raba ta da ta sha. Kafin la'asar wa'azi ya cika shafin. Wani ya ce ya ji tsoron Allah, wani ya tambaya ko iyayensa suna raye. Yawancinsu ko buɗe bidiyon ba su yi ba. Na ce ya goge su duka, ya bar ni da biyu ko uku in ba su amsa daidai da su. Sa'idu ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta cewa ta mota ce, ɗan'uwa, a duba a gani. Ya canza sunan zuwa "Giyar mota da haƙoranta". Da yawa daga cikin masu wa'azin nan su suka zama ɗalibansa na gaske.

Ya iya bayani, wannan ba don ƙanina ne na faɗa ba. Zai ɗauko giya ƙarama mai haƙori goma da babba mai haƙori talatin, ya haɗa su, ya sa alli a jikin kowacce, ya ce a ƙirga tare da shi. Ƙaramar ta zaga sau uku kafin babbar ta zaga sau ɗaya. Sai ya ce gudun da aka rasa bai ɓace ba, ƙarfi ya koma. Masu keke napep na Tunga sun sha tsayar da shi a hanya su ce yanzu suka gane dalilin da ya sa suke sauko da giya in sun zo hawa da lodi.

Duk Lahadi bayan la'asar yakan zauna da waya da wani tsohon littafin rubutu yana karanta sharhin jama'a. Nan muka sha bamban da shi. Ni yabo nake nema, in na samu mai daɗi har maƙwabta nake karanta wa. Shi kuwa in ya ga yabo sai ya rubuta "na gode" ya wuce. Tambaya da ƙorafi su yake kwafewa a littafi. Wanda ya ce an yi sauri, wanda ya ce bai ji ba saboda kukan zakara, wanda ya ce kalmar da aka yi amfani da ita ba haka ake faɗa a gareji ba, duk suna ciki. Daga wannan littafin darasin Asabar mai zuwa yake fitowa.

Da ya gama da giya sai ya koma kan tace sigina, wato yadda ake raba muryar da ke cikin rediyo da shuuu ɗin da ke binta. Ya zana a allo: murya manyan igiyoyi ce masu tafiya a hankali, shuuu ɗin kuma ƙananan tsalle-tsalle ne masu sauri da suka hau kanta. Na'urar da yake koyarwa ran nan tana barin manyan su wuce, ta tare ƙananan. Yana neman misalin da kowa ya sani, sai idonsa ya faɗa kan matankaɗina a rataye. Ya jingina wayar da turmi, ya sa ni na tankaɗe garin masara a gabanta, yana cewa kamar haka ne, abin da ake so ya wuce, wanda ba a so ya tsaya. Babu bidiyonsa da aka kalla kamar wannan. Hannuwana ne a ciki, don haka ni ma na ɗan ji kaina.

Mako uku ana ta yabo, sai ga sharhin wata mai suna Rifkatu. Na haddace shi saboda yawan karantawa cikin fushi:

"Oga sannu da aiki. Amma matankadi naka ya juya. A matankadi karami ne yana wucewa, babba yana tsaya. A zane naka babba ya wuce, karami ya tsaya. Ni ina nika a Fadikpe."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wace ce ita da za ta kunyata shi a bainar jama'a, Hausar ma ba ta zauna mata ba. Abin da ban faɗa ba a ranar, zan faɗa yau: kunya ce ta kama ni. Na fi shekara arba'in ina tankaɗe, matankaɗin yana hannuna, allon yana gabana, ban gani ba. Sa'idu ya sake duba zanensa, ya ɗago ya ce, "Yaya, ta fi mu gani."

Na ba shi shawarar ya sauke bidiyon a hankali ya sake wani, babu wanda zai lura. Ya ce to waɗanda suka riga suka ɗauki misalin a juye fa, wa zai gaya musu? Ya kafe sharhinta a saman duk sauran, inda duk wanda ya buɗe shi zai fara gani, ya rubuta a ƙarƙashi: "Kin yi gaskiya, Mama. Na yi kuskure, zan gyara in sha Allah."

Bai tsaya nan ba. Asabar ɗin da ta biyo ya ɗauke ni a mashin muka bi masu injin niƙa na unguwar Fadikpe muna tambaya, har muka same ta. Dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, gari ya yi mata fari fat har gira. 'Yarta ce mai karatun injiniya ta sa mata shafin a waya, ita kuma ta ga hoton matankaɗi ta zaci sabon salon tankaɗe ne. Da ta gane wanda ke gabanta sai ta fara ba shi haƙuri. Shi kuwa hankalinsa ya riga ya tafi kan injinta, kan wata ƙatuwar tayar ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a gefensa. Ya tambaye ta amfaninta. Ta ce inji bugawa yake yi kau-kau-kau, amma tayar ta yi nauyin da ba ta kula da ƙananan fizgar nan. In dai an rage wa inji gudu a hankali, to wannan za ta bi. Sa'idu ya tafa hannu. Ya ce misalin da yake nema ke nan, mai barin babba ya wuce ya tare ƙarami, kuma ita za ta faɗe shi da bakinta. Suka yi alkawarin bayan sallah. Kafin sallar ciwo ya kwantar da shi, wata biyu a tsakani Allah ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda abin ya koma yanzu. Darasin da yakan ɗauki rabin awa yana yi, yau a minti ɗaya ake so a gama shi. Akwai ma waɗanda na'ura ce ke karanta musu Hausar, tana taka kalmomi kamar mai tafiya a kan tsakuwa. Na san zai yi murna da yawan matasan da ke koyar da aikin hannu da ilimin injiniya da Hausa, don a lokacinsa ana iya ƙirga su da yatsu. Amma na san inda zai fara dubawa. Zai gangara ƙasa wurin sharhi, ya tarar da hoton zuciya da na wuta jere reras, ya juyo ya tambaye ni wa ke gaya wa yaran nan in sun yi kuskure. Na kuma ga masu shafin da ke toshe duk wanda ya gyara musu magana, kamar yadda ni ma na so a yi.

Da daminar da ta wuce abokin aikinsa Malam Ndagi ya zo gaishe ni. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya fito da abin da ya kawo shi. Har yanzu ɗalibai suna kallon bidiyon matankaɗi, ba duka ne ke karanta sharhi ba, wasu har a takardar jarrabawa suke zana matankaɗi a inda bai dace ba. Shawararsa in sauke shi, don mutuncin marigayi da amfanin yara. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma ya faɗi abin da na daɗe ina so. Ba na son baƙin da ba su taɓa ganin Sa'idu ba su san shi da kuskurensa. Sai dai in na goge bidiyon, sharhin Mama Rifkatu zai tafi da shi, haka ma amsarsa, wadda ita ce alkawari na ƙarshe da ya yi wa jama'a. In na bar shi kuma, yara za su ci gaba da ɗaukar karatu a juye da sunansa. Mako biyu ina buɗe wayar ina rufewa.

Na hau keke napep na tafi Fadikpe. Rabona da Mama Rifkatu tun zaman makoki. Ta ƙara tsufa, ta sayi inji mai amfani da lantarki, amma tsohon yana nan saboda ranar da aka ɗauke wuta. Na zayyana mata komai, ina sa ran za ta ce a goge, tunda ita ta fara ganin aibin. Ta karkaɗe gari daga zaninta ta ce, "Hajiya, kar ka goge. Oga ya ce zai gyara. Shi bai samu ba, amma mu muna nan."

Asabar da hantsi muka ɗauki sabon bidiyo. Malam Ndagi ya kawo allo ya yi zanen, ita ta tayar da tsohon injin ta yi bayani da irin Hausarta, ni na riƙe waya. Sai da muka sake sau huɗu. Na ɗora shi a shafin Sa'idu, na rubuta a jikin tsohon bidiyon cewa misalin matankaɗi a juye yake, ga gyaran da Malam ya yi alkawari.

Giyoyinsa suna nan a kwali, sun fara tsatsa. Bidiyoyin ma wata rana za a yi waɗanda suka fi su kyau, a manta da su, wannan ban damu ba. Na daɗe ina zaton iya bayaninsa ne gadon da ya bari. Yanzu na fi ganin wancan zaman na Lahadi da littafi a cinya, da yadda mai niƙa ta gyara masa karatu ya hau mashin ya je nemanta. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya koyar ya bi shi.

Sabon bidiyon ya kwana biyu ana zuba addu'o'i, ina karantawa ina share hawaye. A rana ta uku wani makanike daga hanyar Bida ya rubuta cewa Mama ta yi ƙoƙari, amma ta ce tayar tana kawar da fizgar inji, alhali ragewa kawai take yi, duk wanda ya dafa injin zai ji saura. Na ji tsohon fushin nan ya taso mini. Na kira Malam Ndagi, ya ce mutumin ya yi daidai. Na kafe sharhinsa a sama, na rubuta masa cewa ya yi gaskiya, za mu gyara in sha Allah. Na ɗauko littafin Sa'idu, na buɗe shafin da ya tsaya, na kwafe sharhin a ciki. Mama Rifkatu ta ce in zo Asabar da wuri, kafin masu niƙa su yi layi.